Wai da gaske maganaɗisu yana miƙewa tsaye idan ƙarfe ya sirance?

Sani_MaiKwamfuta:
Salamu alaikum 'yan zaure. Masu fizik ku yi haƙuri da yadda zan jero tambayar nan, ni mai gyara ne ba malami ba. Jiya wani kwastoma ya bar mini matacciyar had-disk a shagona nan Terminus, ya ce in zubar. Kafin in zubar na kwance ta, don mayen ƙarfen da ke ciki nake so. Duk wanda ya taɓa ciro shi ya san halinsa, sai da ya matse mini fatar yatsa har jini ya kwanta. Abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan. Wannan mugun abu yana zaune dab da faifan shekara da shekaru bai goge ko hoto ɗaya ba, alhali a da in ka bar kaset ɗin wa'azi a kan sifika sai ka ji murya ta dusashe.

Na biyu, ƙanena da ke aji uku a sashen fizik ya shigo ya same ni ina duba gemuna a faifan, don kamar madubi yake. Sai ya ce wai wani shafe ne sama-sama ke riƙe bayanan, kuma maganaɗisunsa a tsaye yake ba a kwance ba. Ya ƙara da cewa in ƙarfe ya sirance har kaurinsa ya koma atam uku ko huɗu, da kansa yake miƙewa. Ni dai ban yarda ba. Tun muna firamare in ka goga allura a mayen ƙarfe, tsini da kunne ne ke zama arewa da kudu. Ban taɓa ganin allurar da gefenta ya zama arewa ba. Abu in ya ƙara siranta ai kamata ya yi ya ƙara kwanciya. Ko yaron nan burga yake mini?

BabuRuwana:
Burga ce. 'Yan aji uku haka suke, ko gaisuwa sai sun sa mata lissafi.

Malam_Garba_Gangare:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, abin da ka gani a allura gaskiya ne. Maganaɗisu ba ya ɗaukar kowane gefe daidai, yana da inda ya fi son fuskanta. A littafi anisotirofi ake ce masa, ni a aji nakan ce wa yara fifikon alƙibla. Ka tuna faskare. Gatari na shiga itace ta tsawonsa salin alin, ta gicciye kuwa sai ka yi gumi.

Na allura, siffarta ce sanadi. Duk inda layukan maganaɗisu suka ɓullo waje daga jikin ƙarfe, akwai kuzarin da ake asara, kuma ƙarfe marowaci ne. In ya bi tsawon allura, kawuna biyu kaɗai ke fitar da layi, ga su nesa da juna. In ya juya ta gicciye, jikin gaba ɗaya ne zai riƙa fitarwa. Haka faranti, kwanciya ta fi masa arha. A nan ka ci ƙanenka.

Amma akwai fifiko na biyu da ba ruwansa da siffa, daga jerin atam yake zuwa. A baƙin ƙarfe atam suna jere kamar kusurwoyin akwati, maganaɗisu ya fi son bin gefen akwatin. A nikel ya fi son ratsawa daga wannan kusurwa zuwa waccan ta can nesa. Kobalt hanya ɗaya tak ya sani. Sannan a 1954 wani Bafaranshe, Louis Néel, ya ce atam ɗin da ke kan fuskar ƙarfe ba daidai suke da na ciki ba, tunda babu maƙwabci a samansu. To in shafe ya yi siriri, su ne ke rinjaye. Shi ya sa na had-disk ɗinka yake tsaye.

Batun gogewa kuwa, duba da kyau, mayen ƙarfen yana tsakanin farantan ƙarfe biyu ne. Layukansa a tsakaninsu suke zagayawa, kaɗan ke tsiyayowa waje. Kuma shafen faifan ya ninka zaren kaset taurin kai fiye da sau goma.

Sani_MaiKwamfuta:
Haka ne Malam, farantan biyu na nan, da sukundireba na ɓamɓare su. Amma atam ɗin saman nan guda nawa ne da har za su rinjayi na ciki?

Hajara_Nano:
Malam Garba, Allah ya ƙara basira. Ina neman izini in ɗan gyara wuri ɗaya, don a kan wannan abin na yi karatuna na ƙarshe. Bayanin Néel daidai ne, amma ba shi ne ya tsayar da na had-disk ba. Shafen had-disk ya haura nanomita 10, a wajenmu mai kauri ne. Gaurayen kobalt da kuromiyam da filatinam ne, a rarrabe ƙwaya-ƙwaya, an shuka su a kan wani ƙarfe, rutiniyam, yadda hanyar nan ɗaya tak ta kobalt da ka ambata za ta kalli sama. Wato fifiko na biyu ne ke aiki a can, ba na fuska ba. Ƙanen Malam Sani ya faɗi gaskiya biyu, sai dai ya haɗe su a kwano ɗaya.

Malam Sani, amsar tambayarka ƙidaya ce kawai. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Shimfiɗar atam ɗaya wajen nanomita 0.2 ce. Takardar rasit ɗinka mai kaurin milimita 0.1, in ƙarfe ce, shimfiɗa wajen 500,000 ke nan, biyu kacal ke waje, sama da ƙasa. Wa zai saurare su? Amma in shimfiɗa uku ce duka-duka, biyu cikin uku a waje suke. Kuma taurin kan atam ɗin waje yakan ninka na ciki sau goma, wani lokaci sau ɗari. Siffa na cewa kwanta, fuska na cewa miƙe, kauri ne alƙali.

Ga misali da lamba. A kobalt, jan da siffa ke yi ya haura jul (ma'aunin kuzari) miliyan 1 a kowace mita mai cikakken akwati, na jerin atam kuwa bai wuce rabin miliyan ba. Shi ya sa zallar kobalt mai kauri yake kwance. Amma in aka zuba shi a kan zinare, har zuwa shimfiɗa huɗu yana tsaye, daga biyar ya fara kishingiɗa, sai ya kwanta. An fara ganin irin wannan a 1968 a Jamus, Gradmann da Müller, a shafen nikel da baƙin ƙarfe da bai kai shimfiɗa biyu ba. A 1985 Carcia a Amurka ya jera kobalt da faladiyam hawa-hawa kamar gurasa, ya samu abu ɗaya.

Malam_Garba_Gangare:
Na karɓi gyara, Dakta. Shekara nawa ina haɗe su a aji, gobe sai na warware wa yaran.

BabuRuwana:
Ashe ƙarfe ma yana sauya sheƙa in ya ga an rage masa kaso.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa ba na son labarin abin da ido bai gani ba. Atam uku? Wa ya ƙirga? Sani, ɗauki mayen ƙarfen nan ka ɗora kan faifan. In akwai wani kobalt a jiki ai zai kama.

Sani_MaiKwamfuta:
Na ɗora yanzun nan. Wallahi ko alamar kamawa babu, zamewa ya yi ya faɗa kan akwatin sukurori, ya kwashe su duka. To Dakta, ya ke nan?

Hajara_Nano:
Faifan kansa alminiyam ne ko gilashi, na laptop galibi gilashi ne, ka yi hattara yana tarwatsewa. Kobalt ɗin da ke fuskarsa in ka kankare ka tara bai kai ƙwayar gero ba. Hannunka ba zai ji jansa ba. Kan da ke karantawa yana ji, don tazarar 'yan nanomita yake shawagi a samansa, faifan na juyi 5400 ko 7200 a minti.

Malam Gaskiya, ƙirgawa ana yi. Ana haska ilektiron a kan fuskar a karkace yayin da ake zuba ƙarfen. Hasken da ke dawowa yana dusashewa in shimfiɗa ta kai rabi, ya dawo in ta cika. Kana zaune kana kallon layi na hawa da sauka a allo, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, sai ka rufe murfin da ke tsayar da zubar ƙarfen. Ni na taɓa barin murfin a buɗe na fita sallar La'asar, na ɗauka na rufe. Na dawo na tarar kobalt ya haura shimfiɗa ashirin. Kwana huɗu na yi ina wanke fuskar ƙarfen nan kafin ranar. Ban gaya wa kowa ba sai da aka tambaye ni dalilin da samfurina yake kwance.

Zulai_Naraguta:
Anti Hajara don Allah, muna da gwaji a kan wannan. An ba mu K = Kv + 2Ks/t, wato K jimlar fifikon alƙibla, Kv na cikin ƙarfe, Ks na fuska, t kuma kauri, na haddace amma ban san me ya kawo 2 ɗin ba, kuma me ya sa ake rabawa da t?

Hajara_Nano:
Biyun fuska biyu ce, sama da ƙasa. Rabawa da kauri kuwa kamar tukunyar gida ce. Abin da fuska ke kawowa ba ya ƙaruwa, masu ci ne ke ƙaruwa in kauri ya ƙaru, sai kason kowa ya ragu. Kv yana ɗauke da jan siffa, shi ya sa yake fitowa da alamar debewa. Inda jimlar ta zama sifili, nan ne maganaɗisu ke juyawa. In an ba ki zane na K sau t a kan t, miƙaƙƙen layi ne, inda ya taɓa sandar tsaye shi ne 2Ks. Ki kula, in ƙarfen sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne, ba 2Ks ba ne, ki tara kowanne daban.

BabaKuza_Bukuru:
Yara, jikana ne ke karanta mini yana rubutawa. Ni ban san nano ba, amma na ci abinci da mayen ƙarfe shekara da yawa a rumfar tace kuza. In an wanke an shanya, baƙin yashi ne duka, ido ba ya rabewa. Sai a zuba a inji, bel na tafiya a ƙarƙashin mayen ƙarfe na lantarki. Da wuta kaɗan, baƙin yashin banza zai tashi ya manne. A ƙara wuta, wani ya tashi. A ƙara kuma, kolumbayit ya tashi. Kuza ita ba ruwanta, ta wuce ta zuba a buhunta. Mai kula da inji in bai iya murɗa wutar nan ba, ya haɗa maka kaya, mai saye ya karya farashi. Abin da nake so in sani, wannan baƙin yashin na farko, me ya sa yana mannewa a inji amma in ka zuba shi a ƙasa ba ya kama ɗan'uwansa?

Malam_Garba_Gangare:
Ranka ya daɗe Baba, tambayarka ita ce rabin maganar da ba mu taɓa ba. Haka ƙusa take. Cikinta cike yake da maganaɗisu, amma a rarrabe yake unguwa-unguwa. A kowace unguwa atam sun haɗa baki sun fuskanci waje ɗaya, sai dai wannan unguwa ta kalli gabas, waccan yamma, jimla ta tashi a babu. Rowar nan ce dai da na faɗa a sama, ba ya son layinsa ya fita waje. Pierre Weiss ne ya kawo wannan tunani a 1907, tun ba a iya ganinsu ba. In ka kawo mayen ƙarfe kusa, unguwar da ta dace da shi sai ta riƙa cin iyakar maƙwabtanta. In ka janye, iyaka ta koma kusa da inda take. Iyakar ma ba layi ba ce, a baƙin ƙarfe faɗinta wajen nanomita 40 ne, atam fiye da ɗari suna juyawa sannu-sannu kamar sahun masu rawa.

Wanda yake da amfilifaya zai iya jin motsinsu da kunnensa. Barkhausen ya yi a 1919. Ka sa ƙarfe a cikin koyil mai zagaye da yawa, ka haɗa koyil ɗin da amfilifaya, ka matso da mayen ƙarfe a hankali.

Ɗanlami_Rediyo:
Malam bari in rufe shago in gwada, ina da kayan.

Injiniya_Kubwa:
Tunda an zo nan, bari in sa baki daga ɓangarenmu. Wannan fifikon alƙibla ba abin ɗakin bincike kaɗai ba ne, yana cikin taransifomar layinku. Farantan cikinta baƙin ƙarfe ne mai silikon wajen kashi 3 cikin ɗari, kowanne bai kai rabin milimita ba. Ana murza su ne ta yadda gefen akwatin da Malam Garba ya ambata zai bi tsawon farantin. Norman Goss ne ya fito da dabarar a 1934. In mai naɗi ya yanka su ta gicciye, taransifoma za ta yi zafi ta sha wuta a banza. Ƙugin da kuke ji kuwa, ƙarfen ne ke ɗan miƙewa yana tsukewa yayin da unguwannin ke juyawa. Wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, ƙarfen na motsi sau biyu a kowane zagaye, sau 100 ke nan. Masana'antu har leza suke bi da ita kan farantin su tsaga layuka don unguwannin su ƙanƙance, asara ta ragu.

BabuRuwana:
Injiniya, tamu wata uku ba ta yi ƙugi ba. Unguwanninta sun huta.

Auwalu_Welda:
Ni abin da na sani, in ƙarfe ya yi ja sosai a wuta, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Wani tsohon maƙeri a Dilimi ne ya nuna mini, da shi yake gane lokacin tsoma wuƙa a ruwa ya kusa. Wannan ma unguwannin ne?

Hajara_Nano:
Wannan ya wuce unguwa, Malam Auwalu, haɗin bakin ne gaba ɗaya ya watse. Baƙin ƙarfe a digiri 770 yake sakin maganaɗisunsa, nikel wajen 358, kobalt sai ya haura 1100. Kuma ka dawo da mu kan siriri. In shafe ya sirance, wannan ma'aunin zafi faɗuwa yake, don kowane atam maƙwabtan da ke riƙe shi sun ragu. Shimfiɗa ɗaya ta baƙin ƙarfe a kan tongistin sai an sanyaya ta zuwa wajen digiri 45 ƙasa da sifili kafin ta zama maganaɗisu. Ko sanyin Jos na Janairu bai isa ba. Har ma akwai wani lissafi na Mermin da Wagner na 1966 da ya nuna cewa shimfiɗa irin wannan, in babu fifikon alƙibla ko kaɗan, ɗumi kowane iri zai hargitsa ta. Wato fifikon ne ke riƙe da ita.

Bari in ba ku abin da ya fi burge ni, tunda Malam Gaskiya na son na ido. Haske in ya daki maganaɗisu ya dawo, yana ɗan murɗewa, John Kerr ya gano haka a 1877. Murɗewar ba ta kai digiri ɗaya ba, amma da madubin ƙara girma mai matatar haske, inda ya kalli sama sai ya fito fari, inda ya kalli ƙasa baƙi. Ka ɗauki kobalt mai nanomita 0.6 tsakanin filatinam biyu. Allo fari fat. Ka ba shi ɗan bugu na maganaɗisu, sai ɗigo baƙi ya ɓullo, kullum a wuri ɗaya, inda akwai ɗan tabo. Ka sake bugawa, ɗigon ya faɗaɗa. Bakinsa ba sumul ba ne, yana tafiya ne kamar gobara a busasshiyar ciyawa, nan ya ruga, can ya maƙale a wani datti ya lanƙwashe ya zagaye shi. Nakan yi awa guda ina kallo, aikin da aka sa ni yana jira.

In kuma kaurin ya kusa inda zai kwanta, abin sai ya farfashe ya koma layi-layi, fari baƙi fari baƙi, kamar kunyoyin dankali a Bokkos, suna lanƙwasa har su yi kama da dangwalen yatsa. Dalili shi ne iyaka ta yi arha a wurin, yanka unguwa ba ya cin komai. Akwai dabarar zuba ƙarfen a gangare, gefe ɗaya siriri ɗaya gefen mai kauri, a ɗan guntun da bai wuce farce ba. Sai ka tafi da madubi daga wannan baki zuwa wancan: manyan unguwanni, sai ƙanana, sai kunyoyi, sai komai ya yi toka-toka, ya kwanta ke nan.

Zulai_Naraguta:
Anti ba a juye ba ne? A littafinmu Kittel ya ce faɗin unguwa yana ƙaruwa ne da kauri.

Hajara_Nano:
Na Kittel na 1946 gaskiya ne ga shafe mai kauri, inda unguwa ba ta kai kaurin faɗi ba. A siriri sosai lamarin juyawa yake. Ribar yanka unguwa kaɗan ce, don haka in kin rage kauri unguwanni girma suke yi, kuma ba a hankali ba, har samfurin gaba ɗaya ya iya zama unguwa ɗaya. Ki rubuta duka biyun, ki faɗi inda kowanne ke aiki.

Ɗanlami_Rediyo:
Jama'a na dawo. Na ciro koyil daga wata tsohuwar rile, na haɗa a wajen makirufo na amfilifayar da aka kawo gyara daga wani masallaci. Da farko ƙugin wuta kawai nake ji, sai da na kashe fitilar shago na matsa nesa da caja. Na zura ƙusoshi uku a ramin koyil, na matso da mayen sifika sannu. Wallahi sai ga wani shhhh kamar ana zuba gero a kwanon sha. In na tsaya, ya tsaya. In na juya mayen ƙarfen na kawo ɗaya fuskar, ya fi ƙarfi. Na cire ƙusoshin na sa wayar jan ƙarfe, shiru. Yarona ya ce aljanu ne. Malam Garba, shekara goma sha biyar ina wannan sana'a ban san ƙusa na magana ba.

Malam_Garba_Gangare:
Madalla! Iyakokin ne ke fizgewa daga inda suka maƙale, abin da Dakta ke gani a allo kai ka ji shi da kunne. Zan kawo 'yan ajina shagonka in ka yarda.

Gaskiya_Ɗaci:
To na ji. Amma me amfaninsa yanzu? Had-disk ta mutu, kowa SSD yake sawa, waya ma babu faifai a cikinta. Muna ɓata dare kan abin da ya wuce.

Sani_MaiKwamfuta:
A nan kam ni zan amsa. SSD da memorin waya ba maganaɗisu ba ne, caji suke riƙewa, wannan na sani. Amma hotunan da kake ɗorawa a Facebook ina kake zaton suke kwana? Manyan rumbunan ajiya har gobe had-disk suke saye, don ta fi arha. Masu kyamarar tsaro ma ita nake sa musu.

Injiniya_Kubwa:
Ƙari a kan na Sani. Ta farko da IBM ta fitar a 1956 faifai 50 ne, kowanne inci 24, tana ɗaukar wajen megabait 5, hoto ɗaya ko biyu na wayarka. Yau akwai mai terabait 30. Tsalle biyu a tsakani daga siraran shafen nan suka zo. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da kansa, suka gano cewa in aka jera baƙin ƙarfe da kuromiyam sirara, wuta tana wucewa da sauƙi ko da wuya gwargwadon yadda maganaɗisun hawa-hawan ya fuskanci juna. A 1997 aka sa shi a kan karatu, a 2007 suka karɓi Nobel. Na biyu shi ne tsayar da rubutun da Sani ya tambaya. Shunichi Iwasaki na jami'ar Tohoku ya kawo shawarar tun shekarun 1970, sai 2005 Toshiba ta fitar da shi kasuwa. A kwance, maƙwabta biyu sukan yi karo arewa da arewa, suna ture juna, in ka matse su sai su goge kansu. A tsaye kuwa ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, kamar kifin gwangwani, matsin ma daɗi yake musu.

Hajara_Nano:
Kuma ainihin abin da ƙanen Malam Sani ya faɗa, tsayuwa saboda fuska, ya shiga kasuwa ta wata ƙofar. A 2010 masu bincike a Tohoku ɗin dai suka nuna cewa gaurayen kobalt da baƙin ƙarfe da boron, in ya yi ƙasa da nanomita ɗaya da rabi ya jingina da magniziyam oksayid, miƙewa yake. Da shi ake yin memorin MRAM, wadda ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke. Baba na Bukuru, ga naka: a ƙarƙashin wannan shafe tantalam suka shimfiɗa, shi kuwa tantalam ɗan ɗakin kolumbayit ne, tare ake samunsu a dutse. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbayit.

BabaKuza_Bukuru:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Mu da kwano muke aunawa, ku da atam.

Ummi_Wuse:
Tambaya a gefe. Manhajar alƙibla a wayata takan rikice in ina kusa da ƙofar ƙarfe, sai ta ce in juya wayar kamar lamba 8. Da alaƙa?

Injiniya_Kubwa:
Da alaƙa Hajiya. Akwai ɗan ma'aunin maganaɗisu a ciki, wasu da siraran shafen nan ake yin su. Maganaɗisun duniya rarrauna ne, ƙofa ko sifika ko maɓallin jakar waya duk sun fi shi murya a kusa. Juyin 8 ɗin don ta auna kowane gefe ta cire na kayan cikinta ne. Ki matsa tsakar ɗaki.

Zulai_Naraguta:
Anti, ana iya irin wannan bincike a nan gida?

Hajara_Nano:
Wani ɓangare. Mai wuyar shi ne zuƙe iska. Ko ka rage iskar tukunyar da ake zuba ƙarfen a cikinta zuwa kashi ɗaya cikin biliyan na wadda muke shaƙa, a daƙiƙa ɗaya iskar da ta rage za ta iya rufe fuskar ƙarfen. Sai ka ƙara ragewa sau dubu goma kafin ka samu 'yan awoyi na aiki. Don a kai nan, sai an naɗe tukunyar an gasa ta kwana ɗaya ko biyu, fanfuna na aiki ba tsayawa. Wuta ta ɗauke minti biyar, ka koma farko. Amma aunawa ba ta da wannan tsada. In an rufe samfur da filatinam ko zinare, a ambulan ma ana aiko shi, kuma da jar leza, matatun haske biyu da mayen ƙarfe na lantarki ɗalibi zai haɗa ma'aunin Kerr a kan tebur. In kina son wannan layin, ki duba ɓangaren kimiyyar kayayyaki na jami'ar AUST da ke Galadimawa, da cibiyar kimiyya ta Sheda, duk nan Abuja.

Sani_MaiKwamfuta:
To na ba yaron haƙuri, rabi. Na gaya masa Dakta ta ce ya haɗe magana biyu, ya ce zai duba. Yanzu dai ƙa'idar da na ɗauka ita ce: mai kauri a kwance, siriri a tsaye. Haka ne?

Hajara_Nano:
Kada ka rubuta ta a bango tukuna. Nikel a kan jan ƙarfe a juye yake yi. Ƙasa da shimfiɗa bakwai zuwa goma yana kwance, in ya ƙara kauri ya miƙe, ya yi ta tsayuwa har shimfiɗa gommai, sannan ya sake kwanciya. Tazarar atam ɗin jan ƙarfe ta fi ta nikel da kashi 2.5 cikin ɗari, sai nikel ɗin ya ɗame don ya dace, ɗamewar ce ke tsayar da shi. Baƙin ƙarfe a kan tongistin da na ambata ɗazu ma, shimfiɗa ɗaya ce amma a kwance take. Ya danganta da wa aka haɗa da wa.

Sani_MaiKwamfuta:
Kai Dakta, na kama igiya kin kwance. To shi nikel ɗin me ke sake kwantar da shi a karo na biyu?

BabuRuwana:
Gajiya.

Malam_Garba_Gangare:
Ina zaton ɗamewar ce ke saki in kauri ya yi yawa, sai siffa ta karɓi mulki. Amma na riga na sha gyara sau ɗaya yau, bari Dakta ta tabbatar.

Ɗanlami_Rediyo:
Kafin ta dawo, na sake gwadawa da guntun zarton yanka ƙarfe a madadin ƙusa. Ƙarar ta bambanta, sai na matso sosai take farawa, kuma in na janye na sake kawo fuskar da na fara da ita kusan shiru nake ji, sai na juya. Sani, in ba ka da aiki da mayen had-disk ɗin nan ka ajiye mini, gobe bayan Azahar zan biyo ta Terminus.